Bindigar da Ta Fi Ta Giwa Faɗin Baki

Ana iya haihuwar mutum a Dogo-Dogo, ya yi aure, ya aurar, furfura ta cika masa kai, bai taɓa ganin mugun dawa ido da ido ba. Ƙasarmu gona ce ke bin gona. Ka nufi Dungas, ka nufi Magarya, ko ka yi kudu ka tsallaka cikin Jigawa, abin da ido zai gani hatsi ne da wake da gyaɗa da riɗi, sai gawo tsaitsaye a tsakiyar gonaki, waɗanda manoma suka daina sarewa suka bar su suna tashi. Dajin da babbar dabba za ta ɓuya a ciki garma ta cinye shi tun tuni. Tsofaffi dai suna ba da labari. Farautar da muka tashi muka tarar ta bayan kaka ce: samari su fita da karnuka da kere da gora, a dawo da zomo da kurege da gafiya, in an yi sa'a a haɗa da zabon daji.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, maharbi ne. Baushe gare shi, ƙirar maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ni ke riƙe masa jaka ina yaro, kuma a lokacin ban san wani namiji a duniya da ya kai shi ba. Sai aka sa ni lakwal, daga nan na wuce Damagaram makarantar horar da malamai, na dawo hutu da wando mai guga da raini a ciki. Na fara kiran bindigarsa harba-ka-ruga a gaban mutane. Yakan yi dariya tare da su. Yanzu da shekaruna suka kai nasa na wancan lokaci, na san irin dariyar da yake yi.

Abin da ya kumbura mini kai wasu tsofaffin mujallu ne da na tsinta wajen masu sayar da takardu a kasuwar Dole ta Damagaram. Sunan mujallar Le Chasseur français, ta maharban Faransa, wadda aka fara bugawa a Saint-Étienne tun 1885. Wasu shafukan sun yage, wasu an taɓa ƙunshe ƙosai a cikinsu, amma lambobin suna nan, kuma lambobin na haddace. Na san 12 da ake kiran bindigar tsuntsaye da ita tsohon lissafin Turawan Ingila ne: a ɗauki dalma fam ɗaya, wato gram 454, a raba ta gida 12 daidai, a mulmula kowane kaso, to faɗin ƙwallon nan shi ne faɗin cikin bututun, kimanin milimita 18 da rabi. Shi ya sa mai lamba 16 ta fi mai 12 tsukewa, mai 20 kuma ta fi su duka. Na san bindigogin da ke harba harsashi guda, masu murɗaɗɗen zane a cikin bututu da ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, su da inci ko milimita ake auna su. Ga ƴar ƙaramar .22 ta zomo. Ga 7×57 ta Mauser, ta 1892. Ga .30-06 da sojan Amurka suka ɗauka a 1906, da ƙanwarta .308 Winchester ta 1952. Ga 9.3×62 da Otto Bock ya ƙera a Berlin a 1905 saboda Jamusawan da ke zaune a ƙasashen Afirka da suka mallaka. Sai uwa-uba .375 ta kamfanin Holland & Holland na Landan, ta 1912, wadda ƙasashen Afirka da dama suka mayar mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari giwa ko ɓauna da shi.

Duk wannan nakan zuba shi a fada, ana shayi, abokaina na ta gyaɗa kai. Ban taɓa harba ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban ma taɓa riƙewa ba. Babu wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ga dalilin tona kaina ba.

Da na gama karatu aka tura ni aiki wani ƙauye a ƙasar Gaya, tafiyar kusan kilomita 1000 daga gida. Allah ɗaya gari bamban. Can ne ruwan sama ya fi yawa a duk Nijar, ga kogin Kwara da gadar da ke tsallakawa Malanville ta Benin, ga giginya daji guda, ga gandun W da aka keɓe tun 1954 ba nisa sosai ta yamma. A can na fara ganin mugun dawa da rai. Na tsaya baki buɗe. Katon kai mai faɗi, ƙulalai a fuska, haure biyu sun lanƙwaso sama, jiki toka-toka kusan ba gashi sai geza a bayan wuya. Babban namiji yakan wuce kilo 100. In zai ci sai ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana tono da hanci, in ya firgita ya miƙe wutsiya tsaye cak ya zura, kuma gudunsa ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Dare a rami yake yi, galibi ramin da dabgi ya haƙa ya bari. Da rana yake ɓarnarsa.

Da albashi ya ɗan taru na sayi bindiga. Baikal ce ƙirar Rasha, mai baki ɗaya, lamba 12, irin wadda ta cika Afirka ta Yamma. Takardar mallakarta na bi na samu. Takardar farauta kuwa ban nema ba, alhali na san da dokar 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, na san ta ce sai da izini, na kuma san in dabba ta addabi gonaki hanyar ita ce a kai kuka wajen ma'aikatan gandun daji. Na sani sarai. Na dai ɗauka doka ta marasa karatu ce. Harsashin da na saya na zabi ne, mai lamba 6, kwanso ja, an rubuta gram 32 a jikinsa. Na kashe zabi da shi, na kashe kurciyoyi, yaran makaranta suka fara yi mini kirari a bayan ido, labari yana dawo mini, ina yin kamar ban ji daɗi ba.

Wata shekara bayan ruwa ya ɗauke, wani ƙaton gursunu, wato mugun dawa, ya sa gonakin rogo na bakin fadama a gaba. Ba ci kaɗai yake ba, tumɓukewa yake ya watsar. Mai gari ya sa a gaya wa tsohon maharbin garin, wanda kowa ke kira Baba, ni ma haka nake kiran sa. Baushe gare shi shi ma, da wata kariya ja mai tsinin baki wadda ba ta rabuwa da ƙafarsa. Ni na kai kaina. Na same shi bayan isha'i na ce zan raka shi, bindigar zamani gare ni, aikin minti ɗaya ne.

Ya ce, "Mushe," yadda ake kiran malamin makaranta, "mi ka sa mata?"

A nan na buɗe masa littafi. Na ce, Baba, bindigar da Turawa ke kashe giwa da ita faɗin bakinta milimita 9 da rabi ne, tawa 18 da rabi. Harsashinta gram 19 ne, nawa gram 32. Wato ta faɗi na kusa ninka ta, ta nauyi ma na wuce ta da nisa. In waccan za ta kayar da giwa, ina ga alade? Har da ɗan karin magana na ƙara masa, wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin nawa ba guda ɗaya ke fita ba. Ya dube ni, ya dubi kwanson da ke hannuna, ya ce, "To, ku ne masu karatu." Na tafi gida ina jin na yi wa tsoho darasi.

Washegari, rana ta ɗan ɗaga muka hango gursunun a gefen gonar, a durƙushe, ƙasa na tashi a gaban hancinsa. Iska daga wajensa take zuwa, abin da Baba ya zagaya da mu tun asuba don ya samu ke nan, ni kuwa ina ta ƙunƙuni a raina cewa tsoho na ɓata mana lokaci. Tsakaninmu da shi zai yi taku arba'in. Baba ya ɗora hannu a kan bututun bindigata ya raɗa mini, "Bari mu matsa. Bari ya ba mu gefe." Ni kuwa abin da ke raina ɗaya ne: in muka matsa, baushe ce za ta fara magana, a koma gari a ce tsoho ya kashe, malami ya raka. Na janye bindigar daga ƙarƙashin hannunsa, na auna wannan faffaɗan kai da ya cika mini ido, na ja kunama.

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Bai faɗi ba. Ko tangaɗi bai yi ba. Ya yi juyi biyu a wuri ɗaya yana girgiza kai, ya miƙe wutsiya ya faɗa cikin ciyawa. Na juya zan ce wani abu, na ga fuskar Baba, na haɗiye.

Na ce ko mu koma, ai ya ji jiki, ba zai sake dawowa ba. Baba ya ce hanyar da ya bi ita mata ke bi zuwa itace, ita ƴan makarantata ke bi daga tungayen da ke bayan fadama. Mugun dawa mai lafiya gudun mutum yake, mai rauni kuwa ba a san abin da zai yi ba. "Ka riga ka ci bashi, Mushe. Sai mun biya."

Muka bi sawu. Jinin ɗigo-ɗigo ne, wani wuri ma babu, kariyar ce ke ja mana gaba. Rana ta take, ƙishirwa ta kama ni, takalmin gayu ya fara cin ƙafata. Wajen azahar sawun ya ƙare a bakin wani rami a gindin suri. Sai na taka na tsaya daidai bakin ramin, na sunkuya ina leƙe. Baba ya fizge ni ta wuyan riga har na faɗi zaune, ya ja ni bayan ramin, ta sama. Abin da kowane yaro a garin ya sani, ni mai haddace mujalla ban sani ba: da baya yake shiga rami, fuskarsa na kallon ƙofa, in zai fito kuwa da gudu yake fitowa, haure a gaba. Manyan na sama da ke tsorata baƙo ma ba su ne abin tsoro ba. Na ƙasa ne, gajeru, waɗanda ke goguwa da na sama duk lokacin da ya buɗe baki ya rufe, har su yi kaifi.

Ni aka janye. Kariyar ba ta ji kira ba, warin jini ya riga ya hau mata kai. Ta sa kai a ramin tana haushi. Ban ga fitowarsa ba, ƙura na gani, da kariyar a sama. Ya tsaya ya juya zai sake komawa kanta, ya ba mu gefe, baushe ta tashi daga taku kaɗan. Hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe, gursunun na kwance yana shure-shure, harbi ɗaya, ƙasa-ƙasa a bayan ƙafar gaba. Kariyar kuma tana jan jiki zuwa wajen Baba, cikinta a farke. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa har ta daina motsi.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya haƙa rami da wuƙa da hannu ya rufe ta. Sannan ya kira ni wajen gawar dabbar, ya sa tsinin wuƙa yana ɓantaro ƙwayoyin dalmata daga fatar goshi da ƙulalan fuska. Sun baje, sun tsaya a kan ƙashi, wasu ko fatar ba su gama ratsawa ba. Guda ɗaya ce ta yi aiki, ita ce ta fasa masa ido. Wato abin da na iya da bindigar da ta fi ta giwa faɗin baki shi ne na mayar da dabba mai gudun mutane ta zama mai ido ɗaya da ciwo da fushi.

Ya ce in ba shi harsashi guda. Ya yanka kwanson, ya kama hannuna ya zazzage abin da ke ciki a tafina. Ya ce, "Ƙirga." Wallahi sai na fara ƙirgawa, kamar ɗan aji ɗaya. Sun fi 200. Ya bari na yi nisa, sannan ya ce, "Wacce daga ciki ka aika ta kashe shi?" Ya laluba jakarsa ya ɗauko dunƙulen dalma guda, wadda ya narkar daga tsohon batirin mota, ya sa mini a ɗaya hannun. Nauyin hannayen biyu kusan ɗaya. Ya ce, "Ka watsa wa mutum tsabar hatsi cike da hannu, ka kuma jefe shi da dutse mai nauyinta. Wanne zai kai ka gaban alƙali?"

Na tsaya da hannu biyu a buɗe, rana na dukana. Lissafin da na yi masa daren jiya ya dawo mini, lamba bayan lamba, kuma babu lamba ɗaya da ta yi ƙarya. Gram 32 gaskiya ne. Milimita 18 da rabi gaskiya ne. Abu ɗaya na manta: rabawa. Gram 32 a raba wa ƙwayoyi sama da 200, kowace ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na gram ba, kuma kowace ita kaɗai za ta fuskanci iska, ita kaɗai za ta fuskanci fata da ƙashi. Ni da gwamnati ke biya albashi duk wata don in koya wa yara rabawa a allo. Da wani ɗalibina ne ya kawo mini wannan lissafi, da jan biro zan zagaye shi in rubuta masa ya sake.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka ake faɗa, amma ni a ganina ya fi muni in sanin na gaskiya ne. Wanda ya riƙe ƙarya ana iya ƙaryata shi. Wanda ya riƙe gaskiya rabi, da lambobinta daidai, wa zai tanka masa? Na san da yawa daga masu karanta wannan sun taɓa rufe bakin wani babba da irin wannan, ko a gona a kan taki, ko a gida a kan maganin yaro, suka tafi suna jin sun yi nasara don ya yi shiru.

Shirun nan shi ya fi ci mini rai, kuma sai da dare na gane shi. Na je gidansa da jika goma a aljihu, wai kuɗin kariya, wautata ta biyu a yini ɗaya. Ya ƙi ko kallon su. Ya ce, "Mayar da kuɗinka, Mushe. Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Na ga jan kwanson nan a hannunka jiya, na san na zabi ne. Kunyar karatunka na ji, na ce ƙila akwai abin da aka sake wanda ban sani ba." Ashe ban tsaya ga ruɗin kaina ba, sai da na sa mutumin da ya shekara hamsin a daji ya yi shakkar abin da idonsa ya gani. Girman da yake ba boko shi na ɗauka na kashe masa kariya da shi.

Naman ba mai ci a garin, Musulmi ne duka. Wasu baƙi daga tsallaken kogi suka zo suka ɗauka, Baba bai karɓi ko dala ba. Mai gari ya sanar da ma'aikatan gandun daji yadda ya kamata, aka kira ni, aka ci ni tara, na biya ban ce uffan ba. Da na dawo daga hutun gaba na zo wa Baba da ɗan kwikwiyo tun daga Dogo-Dogo, cikin kwali, a kan cinyata har Gaya. Ya karɓa ya yi godiya. Karen ya girma ya zama ragon gaske, ba abin da ya iya sai korar kajin maƙwabta.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni sai na tsallaka ɗaya gefen. Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙanƙantar harsashi ce ta kunyata ni, don haka magani shi ne mafi girma. Na koma fada da sabon wa'azi: in ba .375 ba, kada mutum ya kusanci mugun dawa. Ana haka wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mutum mai raka Turawa farauta a yankunan da aka keɓe don haka a cikin Benin, gefen gandun W. Na dame shi da surutu har ya gaji, ya ce in zo in harba abin da nake yabo. Aka jingina kwali a jikin suri. Na kwantar da kai, na manna ido a madubin saiti yadda na gani a hoto, na ja. Dukan da .375 ke yi wa kafaɗa ya ninka na .308, ko ma fiye. Bakin madubin ya dawo ya sare ni a gira, jini ya rufe mini ido, kwali kuwa ko ƙura ba ta taɓa shi ba.

Aka ɗaure mini goshi, na ce zan sake, don kada a ce. Ya juya baya ya ɗura, ya miƙo mini. Na auna, na ja kunama, sai ƙas! Ba komai a ciki. Amma ni na riga na runtse ido biyu, na noƙe kai, bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar zan harbi ƙafata. Masu ɗaukar kayansa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce da gangan ya ba ni ita fayau, don in ga abin da jikina ke yi kafin harsashi ya fita. Ya ce wanda ke tsoron bindigarsa ya riga ya kuskure tun bai harba ba, kuma babban harsashi a cikin hanji bai kai matsakaici a cikin huhu ba.

A wajensa na ji maganar da ta zauna, ba ado. Mugun dawa ba ya buƙatar bindigar giwa. Matsakaitan nan, 7×57 ko .308 ko .30-06, da harsashi mai gram 10 zuwa 12, sun ishe shi har da saura, kuma mutum na iya harba su ido a buɗe. Masu zuwa da .375 don ɓauna suka kawo ta, suka haɗa da shi don ita ce a hannu. Sannan irin harsashin ya fi lambar muhimmanci: na farauta mai taushin kai ne, yana buɗewa in ya shiga nama, na soja kuwa mai rigar ƙarfe har baki yakan ratsa ya wuce ya bar dabba da rai tana wahala. Ƴar .22, mai harsashin da bai kai gram 3 ba, a bar ta wa zomo. Baikal ɗina ma ashe ba ta da laifi. Da na sa mata harsashi mai dunƙulen dalma guda, irin wanda Wilhelm Brenneke ya fito da shi a Jamus a 1898, na kuma matsa kusa yadda aka ce mini, da ta yi aikin. Wato abin da Bajamushe ya sa wa suna shi ne abin da Baba ke narkarwa daga batirin mota. Wurin harbi kuma ba kai ba ne, komai yadda ya cika ido: ƙwaƙwalwar ƙarama ce a bayan ƙashi mai kauri. Zuciyar tana ƙasa-ƙasa, gaba-gaba, daidai layin ƙafar gaba, sai a jira ya ba da gefe.

Ya ce a wasu ƙasashe ba a bar wa maharbi zaɓin ma. Dokar farauta ta Jamus, inda aladen dajinsu ya fi namu girma, ta hana harbin sa da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, ko wanda ƙarfinsa bai kai jul 2000 ba a nisan mita 100. Na ji wannan na yi shiru, domin lamba ce, irin abin da nake so, amma wannan karon lambar don dabbar aka sa ta, kada ta tafi da rauni. Ni duk shekarun da na yi ina haddar lambobi, ban taɓa tuna dabbar ba sai a matsayin abin da za a ɗauke ni hoto a kai.

Akwai kuma abin da bai zo mini ba sai da aka mayar da ni aiki gida. Harsashin .22 da nake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya in bai samu abin da ya tare shi ba. Na .308 yana wuce kilomita 3. Ka tsaya a kowace gona a Dogo-Dogo ka juya ko'ina, ka gaya mini inda za ka samu kilomita 3 babu gari, babu ruga, babu yarinya mai tsintar ƴaƴan gawo, babu amalanken da ke hanyar kasuwar Maigatari. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudun da zai tare abin da ya kuskure. Baushen kawuna da ƙwayoyinta ke faɗuwa bayan ƴan takuna ita ce daidai da wannan ƙasa da abin da ya rage a cikinta. Na je na gaya masa haka, da labarin kariyar duka, ban rage ba. Ya tsufa sosai lokacin, idonsa ya yi rauni. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko kariyar ta bar ƴaƴa. Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "Ai da ka tambaya."

Baikal ɗin na sayar wa wani mai takarda. Zamanin ma ya sake, yanzu da ƴan bindiga suka addabi yankin Maradi da Katsina da Zamfara, mutum ya ratsa daji da doguwar bindiga a kafaɗa sai ya shirya amsa tambayoyi, in ma an tsaya tambayar.

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida da wayarsa. Bidiyo yake kallo na Amurkawa suna harbin aladun daji a Texas, inda suka yi yawa har suka zama annoba ga manoma. Ya haddace sunayen bindigogin tsaf, har da waɗanda ban taɓa ji ba. Ya ce, "Kawu, an ce ka taɓa yi. Wacce ta fi?" Na ce in Allah ya kai shi inda dabbar take, ya kuma samu takardunsa biyu, ya nemi .308 da harsashi mai taushin kai, ya ɓata kwali guda a jikin suri kafin ya auna abu mai rai, ya kuma sami tsohon wurin ya bi bayansa, in tsohon ya yi shiru ya sake tambayar sa. Ya ce, "Ba .375 ba?" Na ɗage hula na nuna masa tabon da ke girata, na ba shi labarin kwalin.

Ya duba tabon da kyau, har da taɓawa. Ya ce ai matsalar riƙo ce, ban danna ta a kafaɗa sosai ba, shi ya ga yadda ake yi.